Daga Kwatano Zuwa Sabuwa Ba Giris

Tun ran da na dawo, maƙerata ta koma dandali. Mutum zai shigo riƙe da hauya kamar gyara ya kawo, ya zauna kan kututture, ya bari sai na hura wuta ƙarfe ya yi ja, sannan ya ce, "Wai Malam Sada, da gaske ne aljani ya biyo ku tun daga gadar Gaya?" Wani ya ce a kasuwar Ƙanƙara ya ji ni na tare tirela da ƙirji. Har surukina ya aiko a tambaye ni ko a teku na baro haƙorina. Bakina ya gaji, gawayi kuma yana ci a banza. Shi ya sa na tattaro ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci na rubuta abin da ya faru. Wanda ya tambaya in miƙa mashi takarda, ya je can gindin tsamiya a karanta mashi.

Alhaji Mamman taubashina ne, ɗan gwaggona. Ba a daɗe ba kananzir yake aunawa a kwalba a kasuwar Ƙanƙara, in ka roƙi gyara ya ɗiga maka ɗigo biyu yana kallon fuskarka. Sai kuɗin fetur suka ɓarke a ƙasa, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko, aka shiga rabon kwangilar gina azuzuwa kamar rabon waina ran suna. Alhaji bai taɓa ɗora bulo kan bulo ba, amma ya san wanda ya san wani. Azuzuwan Sabuwa suka faɗo hannunshi. Kafin shekara ta zagayo ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya, ya kuma koyi irin dariyar da ke nuna shi.

Gini sai da siminti, siminti kuwa yana cikin jiragen ruwa da suka yi cirko-cirko a Ikko wata da watanni ba wurin sauke kaya. Wani ya ba Alhaji shawara ya bi ta Kwatano, ya sayo simintin can, ya haɗa da sabuwar tirela ta ɗauko shi. Ran nan da tsakar damina sai ga shi a ƙofar maƙerata a Pauwa, yana tattare riga kada ta taɓa toka.

"Maƙeri, aje guduma, Kwatano za mu tahi."

Na ce, "Mi zan yi a Kwatano, Alhaji? Galmarsu ta karye?"

"Duk mai tirela yana da injiniya. Kai ke gyaran amalanke a garin nan, ita ma tirela amalanke ce, girma kawai ta hi."

Mai ɗakina ta ce maƙerin da ya bar wuta da damina ya zubar da tuwon shekara. Gaskiya ta faɗa. Amma Alhaji ya ɗinka mani kaki mai aljihu huɗu, ya saya mani takalmi sau-ciki, ni kuwa ban taɓa wuce Zariya ba. Na jefa magagarina na goge ƙarfe a jaka, na bi shi.

Na ukunmu direba ne, Malam Isiya, mutumin 'Yankara. Shekara ashirin yana jan gingimari tsakanin Funtuwa da Gusau, ba a taɓa jin ya taka ko kaza ba. Ba ya son magana, kullum asuwaki a baki. Da Alhaji ya tambaye shi ko ya iya tirela, sai ya cire asuwakin ya ce, "Mota mota ce," ya mayar.

Muka bi ta Katsina da Jibiya. A iyaka, ɓangarenmu ba wanda ya ɗaga kai. Ma'aikacin yana fama da sabuwar rediyonshi, ya buga mana hatimi a juye. Ɓangaren Faranshi kuwa sai da aka jera mu kamar 'yan makaranta, a ga katin allura, a ga hoto, a dubi fuska, a sake duban hoto. Jandarman, wani dogon Bazabarme mai Hausa a karye, ya tambayi sana'ata. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "Injiniya ne, nawa na kaina." Jandarma ya miƙe ya sara mani. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan ofis, ya nuna mani injin ba da wuta da ya yi kwana arba'in bai tashi ba.

Ni kuwa ban taɓa buɗe cikin inji ba. Na zagaya shi sau biyu ina gyaɗa kai yadda na ga makanikan Funtuwa suna yi, sai na hangi ƙasa ta toshe bututun hayaƙi. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Na sa tsinke na tone, aka ja igiya, inji ya yi tari ya kama. Jandarmomi suka yi ta tafi, aka ba mu ruwan sanyi, aka raka mu har mota. Wannan zanzaron shi ya cuce ni, domin tun daga ranar in an ce Injiniya sai in waiwaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar Faranshi barcin rana. Da rana ta take sai kowa ya rufe, kanti da ofis har mai yankan tikitin mota. A Doso Alhaji ya yi ta dukan ƙofar wani kanti yana ɗaga jakarshi yana cewa, "Naira ce hwa! Naira!" Mai kantin ya leƙo ta taga ya ce ko zinariya ce ta jira ƙarfe uku, ya ja labule. Alhaji ya ce shi ya sa ba su ci gaba ba. Ni dai na lura famfon tasharsu yana zubo ruwa, abin da namu ya daina tun ran da aka yi bikin buɗe shi. Burodinsu kuma dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata suke maƙale shi ba ko takarda, ɓawonshi na yanka dasashi.

Daga Faraku muka shiga jirgin ƙasa har Kwatano. Muka sauka a Zango gidan wani dattijo Bagobiri, Alhaji Nomau, wanda ya je fataucin albasa tun yana saurayi bai koma gida ba. Ɗaki ɗaya ya ba mu, tabarma uku, sauro kuwa ba iyaka. Garin ko ba ka motsa ba gumi kake, in ka shanya riga da safe da la'asar ka iske ta yadda ka bar ta.

Can mata ke riƙe da kasuwa. Za ka ga mace a kan babur, ɗa a baya, kwando a ka, tana yi wa namiji tsawa ya kauce. Alhaji ya shiga wata rumfa zai sayi farar shadda, ya iske wata ƙatuwar mata zaune kan kujera, ya ce wa mai masaukinmu, "Ce mata ta kira maigidan, babban ciniki ne." Da aka fassara mata sai ta nuna wani siririn mutum da ke shigowa da ɗaurin atamfa a ka. Alhaji Nomau ya ce, "Ta ce ga maigidan nan, in ya sauke kaya za ta ba shi izini ya gaishe ka."

Abincinsu wani abu ne kamar kafa, naɗe a ganye, da miyar kifi mai barkono. Ranar farko Malam Isiya ya sa hannu a kwano ya ɗago kaguwa da ƙafafuwanta duka. Ya dube ta, ya dube mu, ya ce, "A garinmu wannan da takalmi ake kashe shi." Daga nan har muka bar garin shayi da burodin nan mai yanka baki ya rayu a kai.

Kwana na huɗu aka kai mu filin da tirelar take, kusa da tashar jiragen ruwa. Ja ce wur, tayoyi sun fi yatsun hannu da na ƙafa ɗaya yawa. Wanda zai miƙa mana ita wani tsohon makanike ne gajere, Baba Dosu, ya yi aiki a Faraku ya tsinci Hausa. Da Alhaji ya ce ga injiniyanshi, tsohon ya kama hannuwana ya juya, ya ga tabon wuta, ya ce, "Kai maƙeri ne." Na ce e a hankali. Ya ce, "Madalla. Maƙeri ya fi injiniya jin magana. Zo ka gani."

Ya sauke wasu ƙafafun ƙarfe biyu da bodin ke tsayawa a kansu, ya ja wani hannu, ya sa aka matsa da kan motar gaba, kai ya rabu da bodi. A bayan kan akwai wani faranti na ƙarfe, faɗinshi ya kai murfin babbar randa, da tsaga a tsakiya. A ƙarƙashin bodin kuma akwai ƙusa guda, gajera, kaurin wuyan hannuna. In an haɗa, ƙusar ta shige tsagar, wata ƙugiya ta cafke ta. Baba Dosu ya ce buhu ɗari shidan da za a loda a kan farantin nan za su zauna, da ƙusar nan za a ja su, kuma duk kwanar da direba ya sha ƙarfe ke goga ƙarfe. Ya cusa hannu a bokiti ya ɗebo giris baƙi ƙirin, ya shafe farantin da shi kamar mai yaɓen ɗaki, ya cika tsagar.

Ya ce, "Hanyarku akwai ƙasa, akwai ruwa. In kun yi nisa ka raba su, ka kankare tsohon da ya sha yashi, ka sa sabo. In ya bushe, kai zai ce gabas, wutsiya ta ce ba ta zuwa."

Ban ji baƙon abu ba. Ƙafar amalanke ma in ba a shafa mata mai ba kuka take har ta cinye kanta. Ya ba ni bokiti guda cike, na sa a gaba inda zan aje ƙafa. Duk wannan bayani Alhaji yana cikin mota yana gwada hon, Malam Isiya kuma yana tsaye nesa yana tauna asuwaki da ƙarfi fiye da kullum.

Aka loda siminti, aka ɗora wani ƙaton firji a sama aka rufe da tamfol. Na tuna wa Alhaji babu lantarki a unguwarsu, ya ce lantarkin ya zo ya iske shi. Sai da muka bar gari na miƙe ƙafa na ji ba bokiti. Alhaji ya ce warinshi na hawa mashi kai, ya yi wa maigadin ƙofa kyauta da shi.

A Faraku Alhaji ya ga mai ɗaukar hoto. Ya sa sabuwar farar shaddarshi, ya hau bayan kan motar tsakanin kai da bodi, ya jingina, ya buɗe haƙori. Da ya sauko, tun daga kafaɗa har gindin riga baƙi ne. Mai hoton ya yi dariya har ya kusa yar da akwatinshi. Alhaji ya yi ta duban rigar yana tsaki har Malanbil, garin ƙarshe kafin gadar da ke kan Kwara.

A nan ni kuma kifin da na ci a hanya ya tayar mani da ciki. Na ɗauki buta na yi bayan gari, na dawo, na koma, na sake komawa. Zuwana na ƙarshe na iske masu wankin mota na tasha sun raba kai da bodi, sun wanke faranti da kananzir, sun bi da sabulu da yashin kogi, sun goge ƙusa da tsumma. Farantin yana ƙyalli kamar kwanon jere.

Na ce, "Alhaji, mi ka yi haka?"

"Sun ga baƙauye sun sayar mani da mota da dauɗarta. Yanzu ta zama sabuwa."

"Ba dauɗa ba ce, abincinta ne. Mu sayi wani a nan kahin a haɗa."

Ya dube ni gaban mutane ya ce, "Ku ji maƙeri, in bai ga baƙi ba hankalinshi ba ya kwanciya. Mu da mai ke ɓuɓɓugowa a ƙasarmu za mu sayi mai wurin waɗanda ke roƙonmu? In mun shiga gida ka yi wanka da shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, tunda taubashi ne. Nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba. Da na zauna a ƙasa na ce ba ni shiga, da ya saya. Amma kakin jikina nashi ne, kuma ban so a ce Injiniya ya yi rigima a tasha.

Kukan ya fara bayan mun haye gada. Da farko ɗan tsaki ne in an sha kwana. Kafin iyakar Kamba ya zama gurnani, irin na raƙumin da ake ɗora wa kaya. Ɗan kwastan ya ji, ya ce dabba muka ɓoye, ya hau ya yaye tamfol yana zungurar buhuna da sanda. Bai ga dabba ba, ya ga firji, ya buɗe ya rufe sau uku yana sha'awa, ya ce shi ma ya yi odar irinshi.

Muka shigo ƙasar mai, muka iske layin motoci a kowane gidan mai ya kai zango guda. A Sakkwato na tambayi giris, mai zuba mai ya ce, "Malam, wanda ake zubawa a tanki ma babu, kai kana zancen na shafawa?" A Gusau na samu wani makanike da ke da rabin gwangwani, ya ce mu kwana da safe ya raba ya shafa. Alhaji ya ce gobe kasuwar 'Yankara ke ci, kuma ya riga ya aika a gaya wa maroƙa. A Tsafe na faki ido na tsiyaya baƙin mai ta gefen farantin, ya gangaro ƙasa bai shiga ba, don nauyi ya danne ko allura ba ta wucewa. Da na shafa gefen, yatsana ya fito da garin ƙarfe yana walƙiya, irin wanda ke zuba ƙarƙashin magagari. Motar tana cin kanta.

'Yankara ta cika ta batse. Mun shiga da hantsi, hon na tashi, yara na gudu, masu awon hatsi sun bar mudu sun miƙe. Da Malam Isiya ya karya kan mota zai shiga tasha, ƙarfe ya yi wata ƙara da ta sa jakuna tsinke igiya. Wani maroƙi ya ɗaga murya ya ce, "Ku ji zaki ya yi nishi! Motar Alhaji ba ta shiga gari sai ta yi sallama!" Alhaji ya leƙa ta taga yana watsa sulalla. Ya juyo ya ce mani, "Ka ji ko? Abin da kake kira ciwo, su kirari suka ji."

Na roƙe shi mu raba a nan in nemi ko na injin niƙa ne. Ya ce in aka ga an kwance sabuwar mota a tsakar kasuwa, kafin la'asar labari ya kai Ƙanƙara cewa gwanjo ya sayo.

Bayan azahar na iske Malam Isiya a bayan masallaci yana matsa kafaɗarshi. Ba asuwaki a bakinshi. Ya ce, "Malam Sada, zamna in gaya maka. Ni ban taɓa jan mota mai gaɓa ba sai wannan. Tun Kamba nake kokawa da sitiyari, na zaci haka suke. A kwanar Tsahe na juya ta ƙi juyawa, sai da Allah ya sa ta saki. Ina da 'ya'ya bakwai a garin nan."

"Ka gaya wa Alhaji mana."

"A garinmu? Yau da uwata ta hito ta ga na shigo da ita?"

Haka mu biyu, gemu da gemu, muka koma muka shiga motar nan saboda kunya.

An yi ruwa da rana. Muka bar kwalta muka ratsa ta Faskari, inda Alhaji ya sa aka zagaya ƙofar fada a banza don a gani, muka wuce Daudawa, muka kama burjin da ya nufi Sabuwa. Jar ƙasa ta jiƙe ta yi santsi. Can gaba akwai gangara, a ƙarshenta hanya ta karya hagu ta hau wani siririn kwalbati. Mata huɗu masu dawowa daga gona suna tsaye a bakin kwalbatin sun ba mu hanya.

Malam Isiya ya rage gudu tun daga sama. Ya juya sitiyari hagu. Na ga tayoyin gaba sun juya, amma motar ta ci gaba da tafiya sak, kamar ba da ita ake ba, kuma matan nan ne a gabanmu. Ya ce, "Innalillahi!" Bai taka birki da ƙarfi ba, wannan shekara ashirin ɗin ce ta yi mashi rana. Ya mayar da sitiyari dama, ya bi da ita inda take so, muka bar hanya taku kaɗan kafin mu kai gare su. Na ga idon ɗayarsu, ta saki ƙwaryarta. Muka tsallake kwata, muka faɗa gonar dawa, kara na dukan gilashi, sannan ƙarfe ya saki da wata ƙara kamar aradu, kai ya lanƙwashe, muka tsaya. Bakina ya bugi ƙarfen gaba. Nan haƙorina yake, ba a teku ba. Firji kuwa ya tashi sama ya sauka a kan kunya, ƙofa a buɗe.

Ba wanda ya mutu. Malam Isiya ya kifa kai a sitiyari. Alhaji ya fito ba hula yana tambaya ko fenti ya goge.

Mai gonar wata tsohuwa ce, tana cikin matan nan huɗu, kowa Inna yake ce mata. Ta tako har gaban Alhaji, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai wannan abin? Tun daga tudu nake jin tana kuka. Ba ku da kunne?"

Alhaji ya ce, "Inna, sabuwa ce, haka suke."

"Sabuwa? Jariri ma sabo ne, in ya yi kuka dubawa ake."

Na tofar da jini na ce mata mai muke nema, kowane iri. Ta ce man kaɗe ta kwana uku tana dafawa, yana nan ƙwarya biyu. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Alhaji, wallahi ko ka yi shiru ko in tuɓe maka kakinka a nan in tahi gida da ƙafa." Tun muna yara ban taɓa yi mashi magana ba wasa a ciki ba. Ya ja gefe.

Mazan ƙauyen suka fito. Muka sauke buhuna sama da rabi, aka saro itace aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun bodin don kada su nutse, na ja hannun nan yadda Baba Dosu ya nuna mani, Malam Isiya ya matsa da kai. Farantin da ke ƙyalli a Malanbil ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ƙusar ta zaizaye ta yi wuya, kuma bugun ya tanƙwara ta. Na zauna da magagari ina cire ƙayoyin ƙarfen har hannuna ya yi kanta. Sannan Inna ta kawo ƙwarya, ta ƙi ba ni, ta miƙa wa Alhaji.

"Mai abu shi ke shafa wa abinshi."

Ya naɗe hannun riga ya shafa, mutanen ƙauye na nuna mashi inda ya tsallake. Da aka zo zancen dawar da muka tattake, ta nuna firji ta ce ba ta son jayayya, a bar mata farin akwatin can, ɓera ba zai iya shigarshi ba. Na ji an ce daddawa take ajewa a ciki.

Washegari da hantsi aka haɗa kai da bodi, aka jawo mu da taimakon wata motar auduga, muka mayar da buhuna. Muka kama hanya kamar masu rakiyar gawa. Man kaɗe ba giris ba ne, da ya ji zafi sai ya narke ya tsiyaye, sau uku muna tsayawa mu raba mu ƙara. Karnuka biyu suka biyo mu tun daga ƙauyen suna lasar hanya. Da muka shiga Sabuwa, makaɗan da aka tara tun jiya sun watse, sai wani mai kalangu guda da barci ya kwashe a gindin ɗorawa. Motar ta shiga shiru ba ko tsaki, har wani ya ce ai wannan ba ita ba ce, wadda aka ba su labari tana gurnani.

Aka sauke siminti. Malam Isiya ya zare makulli ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, na gode. Da wannan ƙusar ba ni ƙara jan ta ko taku ɗaya, ko da sabuwa ma a nemi wanda ya iya. Ni ban iya ba." Ya faɗa a gaban mutane, da ƙarfi. Ban taɓa ganin girmanshi kamar ranar ba.

An aika a kawo sabuwar ƙusa daga Turai, an ce tana cikin jirgin ruwa. Bodin yana nan Sabuwa bakin kasuwa a kan ƙafafunshi biyu, masu sayar da rake sun samu inuwa. Kan motar kuwa lafiyarshi lau, kuma Alhaji ba mai barin abu ya zauna ba ne. Ya ɗauki wani direba, yanzu da kan tirela yake zuwa masallacin Juma'a a Ƙanƙara, yana can sama kusa da reshen bishiya, ana sa mashi tsani ya sauko. Duk wanda ya tambayi ina sauran motar, sai ya ce injiniyanshi ne bai san aiki ba.

Shekaranjiya wani sabon ɗan kwangila daga Faskari ya zo har maƙera, shi ma yana tattare riga. Ya ce an gaya mashi ni na san hanya, yana so in raka shi Kwatano ya sayo irin motar Alhaji Mamman, marar wutsiyar nan ta manyan mutane, amma tashi fara yake so. Na ce ya yi haƙuri, dawa ta kusa nuna, lauje goma sha biyu ke jirana. Ya ce to ko zan gaya mashi sunanta da Faransanci.